Ankon Bikin Nadia

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Ankon bikin 'yar'uwarmu Nadia ya iso, leshi mai kaushi kamar soson wanke tukunya. Ni ce telar dangi, kamar kullum.

Laraba, 8 ga Mayu
Ƙanena Kadri ya kawo 'yarsa Sumaya awo. Yarinya mai otizim, lalurar da ke sa abu kaɗan ya dame ta, ko zare ya taɓa wuyanta sai ta yini tana susa, ita za a zuba wa leshi. Ta ƙi yarda in gwada ta. Da ubanta ya fita, ta ce da Turanci, idonta a kan keken ɗinki: "Goggo, ba na jin ni mace ce. Ban tabbata ba tukuna. A makaranta Saani ake kirana. Kaftani nake so."
Wannan ƙasa ta Turawa! Na ce kada in sake ji.

Asabar, 11 ga Mayu
Ƙyama nake ji, abinci ma ya ƙi shiga.

Talata, 14 ga Mayu
Zancen ya kai shagon kitson Afua a unguwar Tremont. Wai aljani ne, wai a kai ta ruƙiyya. Suna dariya suna ɓare gyaɗa, matan da ba su taɓa riƙe yarinyar nan ba in ƙarar jirgin ƙasa ta firgita ta. Tir! Kadri kuma ya rantse in ba ta sa riga da zani ba, gida Kumasi zai tura ta, babu dawowa.

Juma'a, 17 ga Mayu
Sumaya ta daina magana. Ta zo ta jera mini zare launi-launi yadda ta saba tun tana ƙarama, ta tafi. Ko Goggo ba ta ce ba. Yau kaina nake ƙyama.

Lahadi, 19 ga Mayu
An yi biki. Kaftani na ɗinka mata, leshin a waje, auduga mai laushi a ciki. Na ce wa Kadri yadin ne bai kai ba, anko kuwa anko ne. Da ya ambaci Kumasi na ce gidana akwai gado, kuma ni ce babba. Afua ta taɓe baki, ta ji da shi.
Ban ce na gane ba, ban ce na yarda ba. Amma da aka kawo shinkafa na ji bakina ya ce, "Saani, zo ga abinci." Na samu "Na gode, Goggo," da Hausa ma.
Ragowar leshin yana ƙarƙashin gadona. Ya isa riga da zani har da ɗankwali.