Ramin Gawayi da Gishiri a Dutsen Waya

Batsari,
Asabar, 19 ga Afrilu.

Zuwa ga Kawuna Armaya'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga mahaifinta, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Gwaggo Safiyatu da Mubarak da iyalinsa. Allah Ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan, Ya sa damshin Fatakwal ya daina tayar maka da ita. Mu nan lafiya lau muke, sai zafin bazara da ka sani. Inna ta warke daga tarin da ya dame ta, har ta koma surfe duk da mun hana. Sadiqa ta sauka lafiya, an sami mace. Hanya ma ta yi sauƙi a watannin nan, mutanen Wagini da yawa sun koma sharar gona, Allah Ya ɗorar.

Na san za ka ce me ya hana ni kira. Kawu, maganar ta fi ƙarfin waya, tun da kunnen da injunan tashar waya suka cinye maka ba ya kama rabin abin da ake faɗa. Kuma akwai abin da zan sa a cikin ambulan wanda waya ba ta ɗauka. Rilwanu direban motar shanu zai kawo maka hannu da hannu.

Ka san ƙungiyar kimiyya da na kafa wa ɗalibaina 'yan aji biyar. Bana na ce ba za mu gama darasin saƙon iska a kan allo kaɗai ba, alhali tsofaffin tashoshin waya suna tsaye a kan duwatsunmu. Na nemi izinin shugabar makaranta da na iyaye, mai gari ya haɗa mu da 'yan rakiya, muka fita da sassafe mu goma sha biyu. Mun fara da ta wajen Tsaskiya, a ƙasar Safana. Babu rufi, babu ƙofa, awaki ne ke kwana a inda injuna suke a da. Amma farantin aika saƙo ɗaya yana nan a saman dogon ƙarfen tashar, yana kallon arewa maso yamma. Na sa yaran suka bi fuskarsa da ido, sai ga Dutsen Waya can nesa kamar kan allura. Na ce musu ta haka magana ke tsallakawa daga dutse zuwa dutse har ta kai Katsina. A nan kuma na nuna musu faffaɗan jan ƙarfen da ke saukowa daga ƙololuwa, yana bin ƙafar ƙarfen har ya shige ƙasa, na ce wannan ita ce hanyar da aka yi wa tsawa don kada ta nemi wata.

Mako na biyu muka hau tasharka ta Dutsen Waya. Kawu, sai da na tsaya na share ido kafin in shiga. Ɗakin injuna yana nan da rufinsa da ƙofarsa ta ƙarfe. An kwashe komai, amma ana ganin shatin kowace na'ura a ƙasa, kuma jadawalin aikin da ka rubuta da fensir a bango bai goge ba. Na nuna wa yaran kusurwar da ka zaunar da ni ina 'yar shekara tara, ka sa mini abin sauraro a kunne na ji wani mutum yana gaishe ni daga Kano. Na gaya musu daga ranar na zama malamar kimiyya, takardar ce kawai ta zo daga baya.

Baba Sammani mai gadi ne ya sa ɗakin bai zama irin na Tsaskiya ba. Shekara ashirin da rufe tashar, babu wanda ya ce masa ya ci gaba da gadi, babu kuma wanda ya ce ya bari, shi kuwa ya ɗauki shirun a matsayin umarni. Ya tsufa sosai amma yana hawa dutsen da sandarsa. Da ya gan ni ya ce ɗiyar Turai ce ta zama Malama, to Allah Ya kyauta wa yara. Har yau da sunan Inna yake kirana. Muka same shi da jarka biyu a kan jaki. Ya ɗage wani marufin siminti a gindin ƙarfen, ya tuttule ruwan a cikin rami, a wannan bazarar da mata ke kwana biyu suna jiran rijiya ta taru. Yaran suka tambaye shi dalili. Ya ce shi da hannunsa ya ɗauko buhunan gawayi da gishiri da aka binne a wurin, kuma Injiniya Armaya'u ya ce masa muddin ramin nan yana shan ruwa a rani, tsawa ba ta taɓa wanda ke cikin ɗakin. Ya ce bai tambaye ka abin da ka karanta a kai ba, don ba a tambayar mai ilimi sirrinsa.

Maganar nan taka ta zama doka a gonakin da ke kewaye da dutsen. Da hadari ya haɗo, manoma da mata masu kai abinci da makiyaya kowa ɗakin yake nufa. Baba Sammani ya ce wani lokacin sukan kai talatin, har an ajiye tabarmi da buta. Na kuma san gaskiya ka faɗa a lokacin da ka faɗe ta. Na bayyana wa yaran a gabansa cewa gawayi da gishiri da ruwa suna sa ƙasa ta karɓi wuta da sauri, wato abin da yake yi shekara da shekaru aikin injiniya ne, ba camfi ba. Ya ji daɗin wannan, ya gyara hula.

Surayya ce ta ɓata mana hirar. Yarinya ce mai yawan tambaya, irin wadda ka ce na kasance. Ta zagaya ƙafafun ƙarfen huɗu ta dawo ta ce, Malama, ina hanyar tsawar? Na je na duba. Ramukan kusoshi ne kawai a jere tun daga sama har ƙasa, jan ƙarfen babu shi. Wanda ya haɗa ɗakin da ramin ma an yanke shi daidai da siminti. Bakin yankan bai gama yin duhu ba. Baba Sammani ya ce lallai wasu masu neman tsohon ƙarfe sun hau bayan kaka, lokacin da ya kwanta jinya, amma da ya ga ba su taɓa ƙofa ba kuma ba su taɓa ramin ba, sai ya gode wa Allah cewa ba su san inda abin yake ba.

Kawu, kai ka fi ni sanin abin da wannan ke nufi. Ƙarfen yana nan yana kiran tsawa kamar kullum, shi ya fi komai tsawo a yankin, amma in ta sauko babu inda aka ce ta bi. Za ta zaɓa da kanta, kuma ɗaki mai ƙofar ƙarfe cike da mutane jiƙaƙƙu yana taku biyar daga wurin. Damina ɗaya ba ta wuce ba tun da aka yanke, shi ya sa har yau ba a ga komai ba. Wadda ke tafe ita ce ta farko.

Na gaya masa haka a hankali. Ya ce shi dai Injiniya bai ambaci wata igiya ba, ruwa ya ce, ruwa kuwa bai taɓa fashi ba. Sai na ce wa yaran su fito da kayan gwajinmu, batir da waya da ƙwan tocila. Muka haɗa ɓangare ɗaya da sandar ƙarfen da ke cikin ramin, ɗayan da inda jan ƙarfen yake a da a jikin dogon ƙarfen. Ƙwan bai kama ba. Surayya ta ɗauki wani guntun waya ta cike gurbin da aka yanke, nan take ya haska. Ta cire, ya mutu. Sau uku ta yi. Baba Sammani ya sunkuya ya kalla sosai, sannan ya miƙe ya ce wato yanzu ƙwan tocila ne zai ƙaryata Injiniya? 'Yan rakiya suka fashe da dariya, ɗayansu ya ce shi kakarsa ma a ɗakin nan ta taɓa fakewa tsawa ta sauka a kan ƙarfen ko gezau ba su yi ba. Na ce gaskiya ne, a lokacin hanyar tana nan. Suka ce to ai ramin yana nan.

Ban yi fushi ba, don na gane ba da ni suke jayayya ba, kai suke karewa. Sai na canza hanya. Na tambayi Baba Sammani abin da ka ce masa ranar da ka bar tashar. Ya ce ka damƙa masa makulli ka ce duk ranar da ya ga abin da bai gane ba, ya rufe ɗakin kada kowa ya shiga sai ka zo ka duba. Na ce to Baba, ƙwan nan da ya kama ya mutu, ka gane shi? Ya sake kallon ramukan kusoshin har sama. Sannan ya shiga ɗakin, ya naɗe tabarmin ya fito da su da butar, ya ja ƙofar nan mai nauyi, ya zaro makulli daga igiyar wuyansa ya datse kwaɗon. Ya miƙo mini shi ya ce, "Ban ce kin yi gaskiya ba, ɗiyar Turai, ban kuma ce ya yi ƙarya ba. Ki aika mashi. Shi ya ba ni, shi ka cewa a buɗe."

To ga shi nan a ƙunshe cikin ƙyalle, Kawu. Ɗakin a rufe yake, wannan ya rage mini rabin damuwa. Sauran rabin shi ne mutane za su hau duk da haka su raɓe a jikin bango, don ƙafarsu ta saba, kuma raɓewar ta fi shigar haɗari. Mai gari ya yarda a yi sanarwa bayan sallar Juma'a a Wagini da Yasore, amma ya faɗa mini gaskiya cewa muryar malamar makaranta ba za ta ture maganar da ta shekara arba'in a kunnen mutane ba. Taka ce za ta ture ta.

Shi ya sa nake roƙon ka abu biyu. Na farko, ka rubuto gajeriyar takarda da hannunka, ka sa hannu yadda kake sawa a jadawali, don Baba Sammani ba ya karatun boko amma ya san wannan lanƙwasar. Ka ce maganarka tana nan, sai dai an yanke hanyar, saboda haka bana kowa ya sauka daga dutsen in hadari ya taso, har sai an gyara. Ba janye magana ba ce, cika ta ce. Na biyu, ka zana mana yadda kuka yi aikin: kaurin jan ƙarfen, yadda ake ɗaure shi, sanduna nawa ne a ƙasa da inda suke. Wani tsohon ɗalibin makarantarmu mai aikin wuta a Katsina ya ce zai zo ya yi in ya sami zanen, maƙerin Wagini kuma ya ce zai ƙera mana marufin da ba za a iya ɓalle shi ba. Yarana sun riga sun auna tsayin ƙarfen da inuwarsa, sun rubuta a takardar da na haɗo. Ka duba lissafin, in akwai kuskure ka yi musu jan biro, za su yi alfahari da shi.

Tsofaffi sun ce ruwan shuka ba zai wuce mako biyar ba. Rilwanu zai kwana uku a can kafin ya juyo, na tabbata amsarka za ta riga hadari isowa. Ban taɓa tambayar ka abu ka bar ni ina jira ba.

Ka gaishe mini da Gwaggo Safiyatu, ka ce mata daddawar da ta nema tana hannun Rilwanu. Ina gaida Mubarak da Nana Hadiza da yara. Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage shan shayi. Surayya da sauran ɗalibai sun ce in gaida Injiniya, suna son ganin hotonka.

Baba Sammani ma yana gaisuwa. Shekaranjiya na aika a duba mini shi, aka tarar ya hau da jakinsa da jarkokinsa, ya shayar da ramin, ya zauna a bakin ƙofar da ba shi da makullinta yana mayar da masu hawowa shan inuwa. Ya ce in gaya maka ruwa dai bai yi fashi ba ko shekara ɗaya, saura kuma yana jiran ka.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ɗiyarka,
Zuwairatu