Sunan da Thanasis Ya Raɗa

Kerasiya, Janairu 1921

Lambros nawa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da sojojin da kuke tare a Anatoliya. Yaya ƙafar da sanyi ya kama? Safar da na saƙa ta iso kuwa? Mu dai lafiya lau, mun gama tsinkar zaitun, mahaifiyarka tana gaishe ka.

An yi wa ɗanka baftisma ranar Lahadi, har yau raina a ɓace yake. Ka san uwa ba ta zuwa coci ranar, uban baftisma ke faɗin suna. Tun ina da ciki muka gama magana da Thanasis mai kanti, wanda muka zaɓa uban baftisma: Stamatis za a sa, sunan mahaifinka. Har ƙirji ya dafa. Ina zaune gida da tiren alawa sai ga maƙwabciyarmu a guje, wai albishirina, an sa wa yaro Konstantinos, sunan sarki! Saura kaɗan tiren ya kuɓuce mini. Wai tunda sarki ya dawo kan gadonsa, bakin Thanasis ba zai iya furta wani suna ba. Ɗana ne ko nasa?

Na same shi har kanti, na wanke shi tas a gaban masu shan kofi. Ko a jikinsa. Sai nuna mini hoton sarki yake a bango, wai albarkacin wannan suna kafin bikin Ista za a sallame ku daga yaƙi. Fada, limamin cocinmu, kuma ya ce sunan da aka kira a bakin ruwan baftisma ba ya sauyuwa.

Mahaifiyarka, don ta lallashe ni, ta ce mu riƙa kiransa Lambros a gida. Na ce Allah ya kiyaye! Maraya ake kira da sunan ubansa, kai kuwa da ranka. Ni dai "yaro" nake ce masa sai ka dawo.

Ina sumbatar idanunka.
Matarka, Evanthiya

Kerasiya, Oktoba 1922

Lambros nawa,

Ina gaishe ka, ina roƙon Uwar Almasihu ta sa kana lafiya duk inda kake. Ban san inda zan aika wannan ba. Da muka ji an ci ku da yaƙi, na je tashar jirgin ruwa na tambayi duk mai yagaggen kaki, wani ya ce ya gan ka a hanyar birnin Smirni, wani ya kawar da kai.

Sarkin nasu ya sake sauka, ya shiga jirgi da iyalinsa lafiya lau. Shi akwai jirgin da ya jira shi. Thanasis kuwa tun kafin jarida ta iso ya sauke hoton, ya rataya madubi a wurin. Jiya ya tare ni babu kunya, wai mu daina kiran cikakken sunan yaron a fili, zamani ya juya. Kai, wannan mutum! Na ce da bakinsa ya sa, ya zo ya cire da bakinsa. Na tofa yawu a ƙofar kantin, kuma ban yi nadama ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maƙwabta. Sun fara kiran yaron da sunanka, a hankali, da muryar masu ta'aziyya. Na yi faɗa da kowa, har da mahaifiyarka, na hana ta sa baƙaƙen kayan makoki. Na gaji, Lambros. Ka zo ka hana su da kanka.

Yau da safe yaron ya nufi rijiya da gudu. Ban san lokacin da na ƙwala masa kira da sunanka ba. Ya tsaya, ya waiwayo.

Ina sumbatar idanunka.
Matarka har yanzu, Evanthiya