Na Goge Ɗakinki Daga Kwamfuta, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwarta, ina fatan makwancinki ya fi ɗakinki na Gangara sanyi. Na sa wannan wasiƙa a fili ne don 'yan gidanmu su gani, musamman babban ɗanki, Yaya Mamman.

Kin tafi ba ki gane aikina ba. In maƙwabta suka tambaye ki, sai ki ce, "Rakiya tana Damagaram, kallon talabijin take yi ana ce mata ma'aikaciya." To, bari in sake gwadawa. Ina gina abubuwa ne a cikin kwamfuta, irin waɗanda mutum zai juya da yatsa, ya zagaya bayansu, ya leƙa cikinsu. A kayan aikin da nake rubuta manhaja da su, kowane abu yana zaman kansa, da siffarsa da launinsa da abin da zai yi in an taɓa shi. Kuma kowanne a jikin wani yake rataye: marfi a jikin randa, randa a jikin ɗaki. In aka matsar da ɗakin, duk sai su bi shi.

Bayan rasuwarki kewa ta sa na gina ɗakinki da su, kuma na sha wuya. Kayan nan akwati suka sani da ƙwallo da miƙaƙƙen bututu, ke kuwa ba ki da bango ɗaya da ya miƙe. Dole na rubuta wa bangonki tsarinsa daban, na ba shi tumbin nan na gabas inda kike jingina da la'asar. Na sa randarki mai tsagaggen baki, da jeren kwanuka, da ƙyauren da ke ƙin rufuwa da damina. Har haske na saita ya faɗo ta kafar rufi, daidai inda kike zama kina tsince wake.

Da sallah na kai gida na nuna musu a waya. Gwaggo Mari ta taɓa marfin randa ya buɗe, ta fashe da kuka. Yaya ya daɗe yana juya ɗakin yana yabawa. Ni kuma kaina ya kumbura, ban ga inda yabon ya dosa ba.

Ba a jima ba sai ga saƙonsa. Zai rushe ɗakin kafin damina, ya ɗora shagon siminti a wurin, tunda yana bakin hanyar kasuwa. Hujjarsa kuwa ni ce. Wai Rakiya ta riga ta ajiye ɗakin inda gara ba ta ci, duk mai kewar Inna ya buɗe waya.

Inna, raina bai taɓa ɓaci haka ba. Na fi kowa sanin abin da ke cikin wayar nan, ni na rubuta shi layi-layi. Bangon fanko ne, fata ce kawai na shafa wa launin ƙasa. Randar ba ta sanyaya ruwa. Babu ƙanshin hayaƙi, babu sawun tafinki da ke kan yaɓe, na shekarun da kike tara mu kafin ruwa ya sauka kina cewa, "Ku shafa da tafi, ba na son aikin yatsa."

Na hau mota na koma Gangara. Na tarar da Yaya a zaure tare da baffanninmu, na buɗe kwamfuta a gabansu. Ban yi dogon zance ba. Na zaɓi ɗakin, wanda komai ke rataye a jikinsa, na goge shi. Randa ta bi shi, kwanuka suka bi shi, hasken ma ya tafi. Na goge har kwafin da ke ajiye, na toshe hanyar da wayoyinsu ke buɗe shi. Aikin da ya cinye mini kaka da rani ne, amma ban yi da-na-sani ba.

Yaya ya ce na haukace. Ɗaya daga cikin baffannin ya ce ɗiya mace ba ta ja da wanta a kan maganar gida. Na ji, ban ɗauka ba. Ni ma a ɗakin nan aka yanke mini cibiya. Yanzu ɗakinki guda ɗaya ne a duniya, kuma duk wanda zai ɗaga masa diga ya san ba shi da wani a aljihu.

Ban sani ba ko zan yi nasara, don har yau Yaya bai ce ya fasa ba. Amma na ɗauki hutu daga biro, wurin aikina, na kwaso kayana na tare a ɗakin. Matan unguwa sun zo mun kwaɓa laka, bangon gabas ya kusa bushewa. A kan tabarmarki nake rubuta wannan, tafukana duk sun tsage, kuma ina kewarki fiye da yadda zan iya faɗa. Mai son rushe ɗakin nan sai ya fara fitar da ni da hannunsa, a gaban mutanen gari.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya zuciyar Yaya. Tawa kuwa Ya bar mini ita da taurinta har damina ta wuce.

Ɗiyarki,
Rakiya