Waƙar roƙon ruwa a wayar Bukar

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga uwa, da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Inna, bana ma ruwa ya ƙi. Geron ƙauyen Guna ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, kullum mutanen ƙauye sai shigowa Birni suke da buhu a ka.

Kin tuna yadda kike jan tsofaffi roƙon ruwa? Ku sa riguna da hulunan maza, ki yi gaba kina ba da waƙa, su suna amshi. Kikan ce, Allah yana jin kunyar tsohuwa. Tun da kika tafi ƙanwarki Iya Falmata ke ja, ita kaɗai ta san waƙar daga farko har ƙarshe.

Wannan karon da suka fita, jikanki Bukar ya bi su da waya yana ɗaukar bidiyo. Wallahi har daɗi na ji, na zaci kewarki yake.

Ashe akwai wani gurup na hira a waya da yake ciki, na maza zalla, ba su da aiki sai zagin mata. Waƙoƙin da suke tura wa juna duk iri ɗaya ne: mace mayaudariya, mace abar banza, da kiɗa mai dukan ƙirji. Wannan a wurinsu gaskiya ce. Amma mace ta buɗe baki ta yi waƙa, sai su ce ita ta hana sama zubowa. Kai, Inna! Yaron da kika goya kina masa tawai.

Can ya tura bidiyon Iya. Suka zauna a fadarsu ta hira suka ɗora dariyarsu a kan muryarta, suka watsa. Ta je sayen kuka a kasuwa, samari suka yi ta kwaikwayon tafiyarta, ɗaya har ya nuna mata kanta a waya. Ta dawo ta ninke rigar roƙon ruwan ta ba maƙwabci. Ta rantse ba za ta ƙara ba, kuma kin san Iya da rantsuwa. Ko ni da na roƙe ta a ɗaka, juya mini baya ta yi.

Na yi wa Bukar faɗa har muryata ta dishe. Bai ɗago kai ba. Tsoro nake ji, Inna, ban san wanda nake ba tuwo a gidana ba.

Na gwada waƙar ina daka, rabi kawai na iya. Sai na haɗiye zuciya na ce ya turo mini bidiyon nan, don babu wani wurin da ta rage cikakkiya. Yanzu haka nake koyon waƙarki, ina kasa kunne in tsinto kalmominki a ƙarƙashin dariyarsu. Akwai baiti ɗaya da har yau ban ji ba, dariyar Bukar ce ta rufe shi.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki. Allah ya ba mu ruwa, ya shirya mini yaron nan.

'Yarki,
Mariyama