Na Ɗauki Walida a Gaban Mutane

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ta kamaci ɗa ga uwarsa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Shekara huɗu ke nan da muka kai ki, kuma wannan ce wasiƙa ta farko da na iya kai wa ƙarshe. Na fara wasu a littafin da nake rubuta abubuwan yini, duk na bar su rabi. Wannan kam zan sa ta a shafina na intanet kowa ya gani, domin abin da zan faɗa miki a gaban mutane na yi shi.

Labarin takwararki ne, Walida. Kin bar ta tana shekara biyu, yanzu shida take, ta gama aji ɗaya, haƙoranta biyu na gaba sun fita. Mahaifiyarta Rabi tana da ciki, ya tsufa, likita ya ce ta rage zirga-zirga. Da aka ba da hutun zafi sai yarinya ta rasa inda za ta sa kanta a ɗakuna biyun nan namu na unguwar Bagdadiyya a Jidda. Waje ba ya fituwa, ciki ba ya zaunuwa. Sai na yanke shawarar kowace Asabar, ranar da ba na zuwa ofis, in kai ta bakin teku.

Kin san halina. Tun ranar Alhamis nake rubuta abin da za mu tafi da shi: ruwan sha, hula, tawul, kayan canji, ƙaramar darduma, gurasar tamis da dafaffen waken ful na karin kumallo. In duba sau biyu, in sa a jaka, in sake fito da su in duba. Rabi takan ce wanda zai tafi Hajji ma bai kai ni shiri ba.

Fitarmu ta farko Kornish muka je, bakin tekun da ke cikin gari, da la'asar sakaliya. Na sayo mata balila a ƙaramin kofi, ta tsince waken ta cinye, ta bar mini ruwan tsamin. Da ta hango ruwan nan da ke tashi sama daga cikin teku, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Baba, wa ya manta bai kashe famfo ba?” Na rubuta maganar a littafina don kada ta ɓace.

Daga nan muka koma fitar safe, bayan Asuba, kafin rana ta yi ƙarfi. Mun je bakin tekun Abhur sau biyu. A can ta gano ƙananan ƙaguwoyin da ke shiga rami in an matso kusa, ta tsuguna a bakin wani rami ta yi ta sallama da Larabci, da ba a amsa ba ta sake da Hausa. Ta tara ƙwansuna cikin hularta, ta jera su a kan darduma daga babba zuwa ƙarami. Da na ga jerin nan na san daga inda ta ɗauko wannan hali, na ji kunya da daɗi a lokaci guda.

Wata Asabar muka zarce har garin Tuwal, muka ci kifi da shinkafa. Ni ke cire mata ƙaya ina ajiye tsokar a gefen faranti, ita kuma tana ɗauka ba ta ko kallona, tana ba ni labarin wata ƙawarta da ba ta iya ɗaura takalmi ba. Ta yi barci a mota muna dawowa, bakinta duk mai, yashi har cikin kitsonta. Rabi ta kwana biyu tana mita.

To, Inna, ga inda maganar take.

Ni ne ɗanki na fari, kuma kin yi mini kunya cikakkiya, irin wadda kika taso da ita a Sudan kika haye teku da ita. Ban taɓa jin sunana a bakinki ba. “Ku ce wa wancan abinci ya sauka,” haka kike faɗa, ko da ina zaune kusa da ke. Ba ki riƙe hannuna a hanya ba, ba ki yabe ni a gaban kowa ba. Da na samu Walida sai na ga ita ma 'yar fari ce, ga shi kuma sunanki gare ta. Na ɗauka abin da ya dace shi ne in bi sawunki. Tun ranar suna ban ƙara ɗaukarta a gaban wani ba.

Amma bakin teku wuri ne na cunkoso, yaro yana iya ɓacewa. Sai na yi dabara. Jakarmu tana da doguwar igiya, na ce mata ta riƙe ƙarshenta duk inda za mu. Ina gaba da jaka a kafaɗa, tana baya riƙe da igiya. Ba ta ɓata, ni kuma ban taɓa ta ba. A lokacin har na yaba wa kaina.

Ga iyaye maza ko'ina, wannan ya ɗora tasa a wuya, wancan yana jefa tasa sama yana cafewa. Nakan kau da kai. Wata rana a Abhur ta ja igiyar ta ce, “Baba, ni ma ina da hannu fa.” Na yi dariya na ce yalla, mu tafi, rana tana yi. Bayan Magariba na rubuta maganar a littafi, na sa alamar tambaya a gefenta, na rufe.

Makonni uku da suka wuce muka nufi kudu, muka wuce Khumra, zuwa wani bakin ruwa mai faɗi da ba shi da zurfi. Muna sauka sai ga Goggo Kubura, aminiyarki ta tsohuwar unguwarmu Ammariyya, zaune a ƙarƙashin rumfa da 'ya'yanta da jikoki. Ta tsufa, Inna, da sanda take tafiya, amma idonta yana nan. Na durƙusa na gaishe ta. Ta jawo Walida ta shafa kanta ta ce, “Wannan goshin na san shi.” Ganinta ya sa na ƙara kame kaina, kamar ke ce zaune a wurin.

Muka tafi yawo a gefen ruwa, na bar Walida ta cire takalmi. Ban san akwai duwatsun nan masu kaifi a ƙarƙashin yashin ba, ban rubuta su a lissafina ba. Muna dawowa na ji igiya tana yin nauyi, tana ja tana saki. Na ce, “Yalla, Walida,” ban waiwaya ba. Na ƙara faɗa sau biyu. Sai da igiyar ta tsaya cak na juya.

Tana tsaye a kan ƙafa ɗaya. A bayanta, duk inda ta taka da ta dama akwai jini a yashi, har nesa. Ba ta yi kuka ba, leɓenta kawai take cizo. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini. Ta kalli wajen rumfar Goggo ta ce, “Na ga ba ka so a taɓa ka in da mutane.”

Inna, ba ta faɗe shi da fushi ba. Yadda take faɗa mini cewa shagon tamis ba ya buɗewa kafin Asuba, haka ta faɗe shi. Abu ne da ta lura da shi, ta gane, ta kiyaye.

Na ajiye jakar a nan inda take, na sunkuya na ɗauke ta. Ashe ba ta da nauyi. Ta ɗan sandare, ba ta san inda za ta sa hannayenta ba, sannan ta zagaye wuyana da su ta ƙanƙame. Haka na ratsa ta gaban kowa da ita, jini yana ɗiga a kan farar rigata, har rumfar Goggo.

Goggo ta dube mu sama da ƙasa ta ce, “To, mun ga zamani, ɗan fari ɗauke da 'yar fari. Kawo ta nan, kai ba ka iya wanke ciwo ba.” Na yi ƙoƙarin sauke ta, Walida ta ƙi sakin wuyana. Sai Goggo ta ce, “Bar ta, zauna da ita haka.” A cinyata aka wanke ƙafar, aka ɗaure da gefen tawul. Mun biya asibiti a hanya, suka ce ba sai an ɗinke ba. Ciwon ƙarami ne, kada ki damu, ya ma warke.

Ni ne ban warke da wuri ba. Na yi kwanaki ina juya abin, har na tuna ranar da na faɗo daga katangar gidanmu a Ammariyya na fasa haɓa. Kina tsaye a bakin ƙofa, kin naɗe hannayenki cikin mayafi, kina cewa, “Wani ya duba yaron nan mana.” Goggo Kubura ce ta ɗauke ni. In ba ita ba, da Iya ta ɗakin ƙasa, ko Kawu, ko matan maƙwabta. Gidan nan cike yake da hannaye. Kin iya janye naki ne don kin san akwai goma da za su miƙo. Ban taɓa kwana ba a ɗauke ni ba, kuma ko da nake yaro na san wa ke aiko da naman da nake samu a ƙarƙashin tuwona.

Walida ba ta da wannan gidan. Mu uku ne a hawa na biyu, ba mu san sunan na ƙofar da ke kallon tamu ba. Wadda ya kamata ta goya ta, ta tsokane ta, ta ɓata ta da alewa, ke ce, kuma kin tafi. Na kwaikwayi janye hannunki, na manta ban duba ko akwai mai miƙowa ba. Kuskurena ke nan, ba naki ba.

Don haka ina sanar da ke abin da na yanke, ko da yake ban tabbata za ki yarda ba. Sunanta na gaskiya ba zai fito daga bakina ba, wannan naki ne, zan riƙe shi har in tarar da ke. Amma hannunta zan riƙe, a gida da waje, ko wa ke kallo.

Asabar da ta wuce mun koma Abhur. Daga mota har bakin ruwa hannunta yana cikin nawa. Ba zan ɓoye miki ba, na yi ta waige-waige kamar wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba. Ita kuwa ko a jikinta, tana ta nuna wa wasu yara tabon ƙafarta. Muka shiga ruwa har gwiwata, ita har ƙirji. Ta ɗago kai ta ce, “Baba, hannunka yana gumi.” Na ce in saki? Ta ce a'a.

In na saɓa wa tarbiyyarki, ki yafe mini, Innata. In kuma da kina nan za ki kau da kai ne ki yi murmushi cikin mayafi, kamar yadda kike yi in na kawo sakamako mai kyau daga makaranta, to alhamdu lillahi.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi. Allah Ya saka miki da Aljanna a kan duk abin da kika yi mini a ɓoye, wanda na sani da wanda ban sani ba. Allah Ya sauki Rabi lafiya, Ya raya takwararki a kan imani, Ya sa ta tashi ba ta shakkar ubanta yana son ta. Ya haɗa mu a inda babu rabuwa. Amin.

Ɗanki na fari,
Usman,
Bagdadiyya, Jidda.