Na Musanya Talabijin ɗin Dada da Nawa

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida masu kula da wannan shafi da duk masu karatu, Allah ya saka da alheri. Don Allah a sakaya sunana, kuma ina roƙo kada a yanke mini hukunci sai an kai ƙarshe. Duk zagin da za ku yi mini, na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Shawara nake nema, domin ba ni da wanda zan iya kallon idonsa in faɗa masa wannan magana.

Ni magidanci ne, ma'aikacin gwamnati a nan Gombe. Ina zaune a Malam Inna da matata da 'ya'yanmu uku. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, tana gidanmu na gado a Jekadafari. Tun da mahaifinmu ya rasu ta ƙi komawa gidan kowa, ta ce ɗakinta ya ishe ta. Mu biyu gare ta, ni da yayata, Adda, wadda aure ya kai Abuja, tana aikin jinya a can. Dada ba ta da wani abin ɗebe kewa a duniya sai tashar nan da ake nuna Ka'aba ba dare ba rana, sai kuma tafsiri. Ba ta taɓa zuwa Makka ba, amma ta san muryar kowane limami. To, wata biyar da suka wuce tsohon talabijin ɗinta ya mutu murus, mai gyara ya ce ba ya tashi. Adda ta kira ni ta ce za ta turo kuɗi in sayo sabo. Har yau ina jin muryarta: "Ban ce ka sayo na manya ba, amma don Allah kada ka kwaso mata tarkace. Ka san ido da kunnen ba kamar da ba." Na ce mata ta kwantar da hankalinta.

A lokacin mu ma gidanmu ba talabijin, yara sun fasa fuskar namu da daɗewa, ina ta lallaɓa ɗan abin da zan sayi mai araha. Sai na ce bari in haɗa tafiya ɗaya, in sayo na Dada da kuɗin Adda, in sayo namu da nawa. Mai shagon wani dattijo ne Bakano, mutumin kirki, bai ɓoye mini komai ba. Ya kunna mini guda biyu a jere, mai araha da matsakaici, girmansu ɗaya, inci arba'in da uku, bakinsu baƙi iri ɗaya. In kana tsaye a gabansu da ƙyar za ka bambanta. Sai ya ce in matsa gefe in duba. Ina matsawa hoton mai arahar ya dusashe, ya yi fari-fari kamar an watsa masa toka, ɗayan kuwa yana nan tar. Ya ƙara musu murya, mai arahar kamar ana magana a cikin gwangwani, ɗayan kowane harafi yana fita. Ya ce mini, "Wannan ba laifi ga mai jini a jika, ido garau kunne garau. Amma in tsohuwa za ka saya wa, ga nata nan." Kun ga ke nan ba zan ce ban sani ba. Da idona na gani, da kunnena na ji.

Na biya duka biyun, aka ɗora mini a Keke Napep. Da muka hau titi mai keken ya tambaye ni ina za mu fara zuwa, Jekadafari ko Malam Inna. Na ce Malam Inna, wai zan gwada su. Me zan gwada, bayan yanzun nan aka gwada su a gabana? Ina jin tun a nan zuciyata ta riga ta san abin da take nufi, ni ne dai ban yarda na kalle shi ba. Muna isa gida na buɗe na Dada na jona, don in ƙara ganin kyansa kawai, haka na gaya wa kaina. Sai ga matata ta fito daga kicin, hannunta da kumfar wanke-wanke, ta tsaya tana kallo. Yara suka zagaye shi suna tsalle. Watanni ke nan suna zuwa kallo maƙwabta, har an taɓa koro su da maganar da ta sa uwarsu kuka. Ta juyo da fara'ar da na daɗe ban gani a fuskarta ba, ta ce, "Abbansu, wannan namu ne?" Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa, a'a. Sai na ji bakina ya ce, "Namu ne." Kada wani ya ɗora mata laifi, wallahi ba ta san komai ba, ba ta roƙe ni ba, tambaya kawai ta yi.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni kunya, domin wannan ba suɓutar baki ba ce, da hannuna na yi. Na jira ta koma kicin, na zare mai arahar daga kwalinsa na zura shi a kwalin mai kyan, na liƙe. Bayan La'asar na kai wa Dada, aka kafa mata a bango. Na zaunar da ita kusa da kwalin na ɗauki hoto na tura wa Adda, ta turo mini godiya har da cewa ta san ba zan ba ta kunya ba. Dada kuwa ta ɗaga hannu ta yi ta addu'a, ta ce Allah ya ba mu 'ya'yan da za su yi mana kamar yadda muka yi mata. Matan gida suna ta amin. Wace irin addu'a ce wannan a kaina? Na dawo gida ina lallashin kaina, wai ai tsohuwa ce, ina ruwanta da bambancin hoto, Ka'aba dai Ka'aba ce a ko'ina.

Ashe na manta gadon Dada a gefe yake, kuma saboda ciwon gwiwa a kansa take kallo. Daidai inda dattijon nan ya ce in tsaya in duba. Ba a yi sati biyu ba na je gaishe ta na tarar da ita a ƙasa kan tabarma, ta matso dab da bango, ta ɗaga kai, ta kara tafin hannu a bayan kunne. Na tambaye ta lafiya, ta yi murmushi ta ce, "Idon ne ya tafi. Ka'abar ma dishi-dishi nake ganinta, liman kuma kamar daga cikin rijiya yake karatu." A lissafinta, abu sabo ne, mai tsada, 'yarta ta biya, ɗanta ya zaɓo, to ina laifi zai fito in ba daga jikinta ba? Ko sau ɗaya ba ta zargi talabijin ɗin ba, balle ni. Ina tsaye a kanta na ce, "Sannu Dada, Allah ya sawwaƙe." Abin da na iya faɗa ke nan.

Daga nan tsoro ya shige ta. Matar da take zuwa Islamiyyar manya da ƙafarta sau uku a sati, sai ta daina, ta ce ba za ta iya tsallaka titi da idon da ba ta amince da shi ba. Ta rage fita, ta rage hira, in an yi magana sai ta yi shiru don kada ta ce a maimaita a ce ta kurumce. Adda ta shiga damuwa ta ce in kai ta asibitin ido. Na kai ta. Muka bi layi tun safe har Azahar, aka ɗiga mata maganin da ya sa hasken rana ya dame ta, ta fito tana riƙe da hannuna kamar makauniya, tana ce mini sannu, na bar aikina saboda ita. Likita ya ce akwai 'yar yana amma ba ta kai a damu ba, idon bai canja da yawa ba. Ba ta yarda ba, ta ce yaro ne, ita ta san abin da take gani. Za ku ce me ya hana ni in je in musanya a lokacin? Kowane sati sai in ce ranar Asabar. Asabar ta zo in kalli yara a gabansa, in tuna matata ta riga ta gaya wa 'yan'uwanta da ƙawayenta irin abin da mijinta ya sayo, sai in fasa. Me zan ce mata? Me zan ce wa Dada in ta ga ana sauke nata daga bango? Haka wata huɗu suka shuɗe.

Sati uku da suka wuce muka koma asibiti, a hanyar dawowa Dada ta ce mu biya ta ga jikokinta. Ban kawo komai a raina ba sai da muka shiga falo. Matata, don ta girmama ta, ta zaunar da ita a kujerar gefe mai taushi, ta ɗauki rimot ta kamo mata tashar Makka. Dada ta ƙura wa talabijin ɗin ido. Can ta ce a hankali, "Ikon Allah. Ga masu ɗawafi nan ɗaya bayan ɗaya, har ina ganin mai tura keken tsoho." Ta sauke hannun da ta saba karawa a kunne. Matata da zuciya ɗaya ta ce ai ranar da ya sayo naki ya sayo wannan, Dada, tare aka kawo su gidan nan. Dada ta juyo ta dube ni. Ba ta daɗe ba, kallo ne na ɗan lokaci, amma da ƙasa za ta tsage da na shige. Sai ta ce Allah ya sa albarka, ta nemi a ba ta ruwan alwala.

Na mayar da ita Jekadafari. A bakin ƙofar ɗakinta ta tsaya, ba ta waiwayo ba, ta ce, "Ka soke komawa asibitin nan. Idona lafiyarsa ƙalau." Satin da ya biyo ta koma Islamiyya. Talabijin ɗin kuwa ta lulluɓe shi da wani tsohon mayafi, ta ce rediyo ya ishe ta. Ba ta canja mini fuska ba, in na je tana amsa gaisuwata, tana ajiye mini fura kamar kullum, kuma wannan ya fi mini duka ciwo. Shekaranjiya ina zaune a ɗakin Dada sai Adda ta kira ta, na ji tana tambayar yaya kallo. Dada ta ce, "Tar nake gani yanzu. Ɗan'uwanki ya iya zaɓe." Jama'a, tun da na yi wayo ban taɓa jin matar nan ta yi ƙarya ba, ko da wasa. Yau ga ta da furfura tana yi don ta rufa mini asiri. Ni na kai ta ga haka.

Yanzu ga inda nake. Ranar Juma'a mai zuwa Adda za ta iso bikin 'yar baffanmu, kuma a ɗakin Dada za ta sauka. Za ta yaye mayafin nan ta kunna, kuma ita ba a yi mata rufa-rufa. Ita ta goya ni, ba ta taɓa tambayata yadda na yi da abin da ta turo ba, ban san yadda za ta ƙara yarda da ni ba. Na yi tunanin in ɗauki namu in kai a kafa lokacin da Dada take Islamiyya, amma hakan ai gyaran bango ne kawai, ban nemi gafarar kowa ba, kuma dole in gaya wa matata cewa abin da take alfahari da shi na surukarta ne, ita ce kuma ta tona ba da saninta ba. Na yi tunanin in je in durƙusa gaban Dada in faɗi komai, sai in ji tsoron kada in yaye rufin da ita da kanta ta zaɓa ta yi mini, in tilasta mata jin abin da ba ta so a furta. Da wa zan fara, uwata, ko yayata, ko matata? Kwana shida suka rage mini. Don girman Allah ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Me zan yi?