Ƙyaure Ɗaya Na Ce A Juya

Birnin Kebbi, Talata. Aikin farko yau: duba get a wurin mai walda.

Zuwa ga Yayana Malam Muhammad Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan ruwan Fatakwal bai hana ka zuwa aji ba. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan kowa ƙalau. Inna tana Argungu, ƙafar ta yi sauƙi har tana zuwa makwabta da kanta. Shinkafarmu ta Zauro ta yi kyau bana, an ware wadda za a dafa a bikin ɗiyarka Rauda.

Yaya, maganar get ɗin sabon gidanka ce ta sa na zauna rubutu, kuma raina a ɓace yake. Ka tuna abu ɗaya ka roƙe ni a duk ginin nan: a yi zanen ƙarfen yadda ka zana shi. Layi ya taso daga kusurwar ƙasa ta hagu, ya kwanta daidai wurin kwaɗo a tsakiya, sannan ya haura kusurwar sama ta dama. Ka ce hoton lissafin da kake koyarwa ne, wanda in ka sa biyu ya ba ka takwas, in ka koma bayan sifili da biyu ya faɗa ƙasan sifili da takwas. Ka ce alamarsa ita ce in aka kafa ƙusa a tsakiya aka juya shi sama ta koma ƙasa, zanen bai canza ba. Ni lissafina a sakandare ya tsaya, amma wannan na riƙe shi.

Na kai wa Riskuwa mai walda a Nasarawa, na yi masa bayani har sau biyu, ya ce ya gane. Da na koma sai na tarar ƙyauren dama daidai, na hagu kuwa ya haura sama shi ma, su biyun sun yi kamar ƙahon sa. Na tambaye shi dalili. Ya ce ya ɗauka Malam ne ya yi kuskure a takarda, shi ya gyara maka. Wai tun da ya fara walda bai taɓa ganin get ɗin da ƙyaurensa ba sa kallon juna kamar mutum da madubi ba. Yana faɗa yana murmushi, yana jiran in gode masa.

Na dawo gida na yanka kwali biyu, na zana, na yi ta jujjuyawa, don ina tsoron ko ni ne na ruɗe. Can na ga ashe ba sai an sake ƙera komai ba. In aka kifar da ƙyauren hagu kaɗai, kansa ya koma ƙasa, layin zai sauka inda ka so. Na gwada na sake gwadawa kafin na yarda da kaina. Na je na nuna masa da kwalin a hannu, na ce na hagu kaɗai, sannan na wuce Argungu kai wa Inna magani.

Yau da safe na je na tarar ya kifar da duka biyun. Ya yanke tsinin sama da maƙalai ya sake liƙa su, yanzu zanen ya koma kamar ƙwarya a kife. Ya ce ya juya ɗayan ya tsaya ya duba, sai ya ga in aka rataya shi haka mutanen unguwa za su ce Riskuwa ya fara makancewa, shi kuma da sunansa yake cin abinci. Ni dai na ji ba na son kallon ƙarfen. Duk ya yi tabon wuta, bayansa ne ke kallon titi. Gidan kuma yana nan a buɗe, awakin makwabta sun cinye zogalen da matata Ummu Hani ta dasa, ga ɗaurin aure Juma'ar sama, baƙin Argungu a nan za su sauka.

Ina ta tunanin ko bakina ne bai iya bayani ba. Amma na sake duba kwalin: na hagu yanzu ya zama daidai, na dama ne za a mayar yadda yake. In ka ga na yi kuskure, ka kira ni gobe kafin hantsi.

Ka gaida Yaya Mansura da Rauda da Munzali. Ummu Hani da yara suna gaishe ku. Allah Ya kawo ku lafiya.

Ƙaninka,
Zulkifli

Na gobe:
Sayen fenti baƙi wurin Uchechukwu.
Kare zogalen da ya rage da ƙaya.
Sa wa ƙyauren dama alama da alli, babba.
Tafiya da tabarma da buta. Ba zan tashi daga gaban Riskuwa ba sai an rataya.